Sa ido kan ma'ajiyar bayanai a gungun sabobi: tambayoyin da abokan aiki ke yi mini a Yamai

Tambayoyin nan sun yi ta maimaituwa a bakin ƙannena na aiki a nan Yamai, da wasu masu bugo waya daga Tawa, yawanci waɗanda aka danƙa wa sabobi biyu ko uku aka ce su haɗa su yadda in ɗaya ta faɗi ƴar'uwarta za ta ɗauki kayan. Na gaji da ba da amsa ɗaya sau goma a gindin shayi, shi ya sa na tara su wuri guda. Irin wannan haɗin shi ne gungu. Maganar tawa kan Pacemaker, mai tafiyar da hidimomin gungun, da Corosync, mai sa sabobin su ji juna, ce a Linux, don su muka fi gamuwa da su. Umarnan da na kawo na pcs ne, shirin ba gungun umarni, mai aiki da ɗan'uwansa crm zai gane makwafinsu.

Malam, na duba gungun, komai yana nuna ya tashi lafiya. Ba shi ke nan ba?

Ba shi ke nan ba, kuma a nan mafi yawanmu ke yi wa rogo kallon kitse.

Pacemaker ba ya taɓa diski da hannunsa. Kowace hidima tana da wakili, wato ɗan rubutaccen shiri da ya iya abu uku: tayarwa, tsayarwa, da dubawa. Wakilin da ke kula da tsarin fayil shi ne ocf:heartbeat:Filesystem. In ka ƙirƙiri hidimar ka bar ta yadda ta zo, kowace daƙiƙa 20 zai leƙa jerin abubuwan da aka ɗaura a na'urar, ya ga ko sunan naka yana ciki. In yana ciki, sai ya ce lafiya lau. Iyakar dubawarsa ke nan. Kamar mai gadin da aka ba tsaron rumbu ne, kullum ya zaga ya ga murfi na nan, ya koma ya kwanta, alhali gara ta gama da hatsin da ke ciki.

Ga yadda abin ke faruwa. Tsarin fayil na ext4 in ya gamu da kuskure mai tsanani yakan mai da kansa na karatu kawai, ya ƙi karɓar rubutu. XFS kuwa rufe kansa yake yi, duk wanda ya taɓa shi ya sha kuskure. A duka biyun sunan yana nan daram a jerin. Na taɓa zuwa wani buro da safe na tarar da masu karɓar kuɗi sun naɗe hannu, mutane sun yi layi har bakin titi, manhajarsu ta kasa ajiye ko rasiɗi ɗaya tun dare, allon gungun kuma babu ja ko ɗigo. Yaron da ke kula da wurin ya rantse mini cewa matsalar ba ta wajensa ba ce, ga allo nan shaida. Bai yi ƙarya ba. Tambayar da ya ba gungun ya riƙa yi ce ba ta kai ciki ba.

To yaya zan sa shi ya buɗe murfin?

Da OCF_CHECK_LEVEL. Wakilin yana da zurfi uku. Sifili shi ne wanda na faɗa. Zurfi na 10 yana karanta tubala 16 na farko kai tsaye daga diskin, don ya tabbatar na'urar tana amsawa, amma bai gwada tsarin fayil ɗin ba. Zurfi na 20 yana rubuta ɗan fayil a cikin wata ɓoyayyiyar jaka mai suna .Filesystem_status, ya sake karanta shi. Wannan ne ke kama diskin da ya koma na karatu kawai.

Ni nakan bar dubawar sama yadda take, in ƙara mai zurfi a kai:

pcs resource op add fs_bayanai monitor interval=61s timeout=90s OCF_CHECK_LEVEL=20

Ka lura da 61 ɗin. Pacemaker yana bambanta ayyukan dubawa ne da sunansu da tazararsu, saboda haka dubawa biyu a hidima ɗaya ba za su yi tazara iri ɗaya ba.

Sai a kula in ma'ajiyar NFS ce, wato jakar da wata na'ura ke rabawa ta hanyar sadarwa. Zurfi na 10 ba ya tsinana komai a can, don babu diskin da zai karanta. Zurfi na 20 kuma yana bukatar root ya iya rubutu, yawancin masu raba NFS kuwa suna kunna root_squash, wanda ke hana hakan. In ba ka gyara ba, dubawar za ta yi ta faɗuwa a kan ma'ajiya mai ƙoshin lafiya.

Tazara nawa zan sa, wa'adi nawa?

Wannan ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta, don ita ce ke raba gungun da ke barin mutum ya yi barci da wanda ke tashinsa ƙarfe uku na dare.

Tazara ita ce lokacin da ke tsakanin dubawa da dubawa. Wa'adi shi ne iyakar jiran amsa kafin a ce hidimar ta faɗi. Wakilin Filesystem yana ba da shawarar tazarar daƙiƙa 20 da wa'adin 40 ga dubawa, da 60 ga tayarwa da tsayarwa. In babu wa'adin da aka rubuta ko'ina, Pacemaker zai ɗauki daƙiƙa 20.

Sabon shiga yana ganin gajeren wa'adi shi ne ƙwarewa: a gano matsala da wuri, a ƙaura da wuri. Abin da ya manta shi ne akwai wasu a ƙarƙashin gungun, kowa da nasa agogon. Linux yana ba umarnin SCSI daƙiƙa 30 kafin ya fara ƙoƙarin farfaɗo da shi. Mai haɗin iSCSI, wanda ke kawo diski ta wayar sadarwa, yana jiran daƙiƙa 120 a replacement_timeout in ba a taɓa shi ba. Multipath, mai haɗa hanyoyi da yawa zuwa diski ɗaya, yana duba hanyoyinsa kowace daƙiƙa 5. Akwatin ma'ajiya mai kawuna biyu shi ma yana ɗaukar lokaci kafin kai na biyu ya karɓi aikin na farko. Duk waɗannan an yi su ne don su gyara matsala a ɓoye ba tare da manhaja ta sani ba. In wa'adinka ya fi nasu gajarta, gungun zai yanke hukunci alhali na ƙasa suna tsakiyar gyara. Waya ɗaya ta sukurkuce, abin da multipath zai shanye cikin rabin minti, sai ka ga an tsayar da rumbun bayanai, an kashe saba, an ƙaura da komai. Garin neman gira an rasa ido.

Ka'idar da nake bi: na ƙasa ya riga na sama gajiya. Hanya ta gaza kafin multipath ya gaza, multipath ya gaza kafin wa'adin dubawa ya cika. Ka rubuta lambobin a takarda ɗaya bisa ɗaya kamar matakala, ka ga ko kowace ta fi ta ƙarƙashinta.

Lambar da ta dace da kai kuma awo ne ke ba da ita, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ka auna ranar Lahadi da rana sanda babu kowa. Ka auna ƙarshen wata, sanda ake lissafin albashi, ko da dare sanda ake kwafe ajiya diskin yana nishi. Buɗe iostat -x ka kalli jinkirin karatu da rubutu. Abin da ka gani mafi muni, ka ninka shi, ka ƙara masa sarari.

Na ji ana cewa queue_if_no_path yana da haɗari. Me ya sa, tunda yana hana asarar rubutu?

Saitin multipath ne, kuma a saba tilo yana da amfani: hanyoyi duka sun yanke, rubutu ya yi layi ya jira su dawo. A gungu kuwa jiran da ba shi da iyaka masifa ce. Duk shirin da ya taɓa diskin zai maƙale a halin da ps ke nunawa da harafin D, wanda ko kill -9 ba ya motsa shi. Dubawa za ta maƙale har wa'adi ya cika. Pacemaker zai ce a tsayar da hidimar, tsayarwar ma ta maƙale, don ba a iya kwance tsarin fayil da rubutu ke rataye a kansa. Daga nan babu abin da ya rage sai kashe sabar gaba ɗaya.

Ka ba no_path_retry lamba maimakon queue. Lambar sau polling_interval ita ce kusan tsawon jiran: 6 sau daƙiƙa 5, rabin minti ke nan. Bayan haka kuskure zai fito fili, dubawa ta faɗi da wuri, tsayarwa ta samu damar kammaluwa cikin mutunci. Amma ka duba abin da masu ƙera akwatin ma'ajiyarka suka rubuta, don multipath yana zuwa da saiti na musamman ga akwatuna da yawa. Umarnin multipathd show config zai nuna maka abin da ke aiki a zahiri, ba abin da kake zato ba.

In dubawa ta faɗi, me gungun zai yi?

Abin da on-fail ya ce. In ba ka sa komai ba, zai tsayar da hidimar ya sake tayar da ita, kuma a sabar da take, ba a ɗayar ba. Mutane da yawa suna mamakin wannan. Dalili shi ne migration-threshold, adadin faɗuwar da za a jure kafin a ƙaura, wanda asalinsa ba shi da iyaka. Sai ka sa masa lamba:

pcs resource meta fs_bayanai migration-threshold=2 failure-timeout=30min

Ga ma'ajiya nakan sa 1 ko 2. Diskin da ya ƙi rubutu sau biyu a jere ba lallashi yake bukata ba. Shi kuma failure-timeout yana goge tarihin faɗuwar bayan lokacin da ka ce. In babu shi, tarihin na nan har sai ka yi pcs resource cleanup da hannunka, kuma sabar da ta cika adadinta ba za ta sake karɓar hidimar ba. An sha samun wanda gungunsa ya ƙaura wata uku da suka wuce, bai goge ba, ranar da saba ta biyu ta faɗi hidima ta rasa wurin zuwa. Ka saba da crm_mon -1rf, yana nuna ƙidayar.

Akwai sauran zaɓi: ignore, block, stop, standby, fence. Na fence, wato katsewa, kashe sabar da ƙarfi (ana kuma ce mata stonith), nakan ajiye shi ga tsarin fayil da sabobi ke rubutu a kai tare, irin GFS2. Faɗuwar tsayarwa kuwa hukuncinta daban ne: in katsewa tana kunne za a kashe sabar, in ba ta kunne hidimar za ta tsaya cak, ba gaba ba baya, sai mutum ya zo.

Yaya, katsewar nan tana ba ni tsoro. Ba zan iya sa stonith-enabled=false ba?

A ɗakin gwaji, yi abin da kake so. A kan bayanan mutane, a'a.

Ka ɗauka sabar farko ta daina amsawa. Ta biyu ba ta da hanyar sanin ko ta mutu ne, ko waya ce ta yanke tana can tana rubutunta. In ta biyu ta ɗaura ext4 ko XFS alhali ta farko na riƙe da shi, kowace tana rubutu bisa abin da ke kanta, ba ta san da ɗayar ba. Cikin mintuna tsarin fayil ɗin ya dagule, wani lokaci yadda fsck ba zai iya komai ba. Katsewa ita ce ke mai da "ina zaton ta mutu" ya zama "na tabbata, don ni na kashe ta". Duk dubawar da muka yi ta magana a kanta, ƙarshenta nan take zuwa. Dubawa mai zurfi ba tare da katsewa ba, ka ɗauki mai gadi mai kaifin ido ne ka ɗaure masa hannu.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman. Yawancinmu muna katsewa ta IPMI, ta iDRAC ko iLO, wato ɗan allon kulawa da ke cikin sabar. Allon nan kuran ɗaya yake sha da sabar. Ranar da ondilar ɗin saba ɗaya ya mutu, allon ya mutu tare da ita. Ta biyu za ta aika umarnin kashewa, ba amsa, ba tabbaci, sai ta ƙi ɗaukar kayan, tana ta sake gwadawa. Daidai ta yi bisa ka'idarta, amma aiki ya tsaya. A garin da kowa ya san yadda kuran ke yi a bazara, kuma muka ga abin da ya biyo bayan yanke layin da ke zuwa daga Birnin Kebbi a watan Agustan 2023, wannan ba labarin littafi ba ne. Magani biyu ne: kowace saba ta sha daga ondila biyu daban, sannan a sa hanyar katsewa ta biyu a bayanta da pcs stonith level, galibi SBD.

In sabobin biyu ne kacal, ka sa pcmk_delay_base a na'urar katsewar ɗaya daga cikinsu, kada waya ta yanke su harbe juna lokaci guda.

Mene ne SBD, kuma yaya agogonsa yake?

Ɗan yanki ne a diskin da sabobin ke gani tare, megabayit kaɗan sun ishe shi. Kowace saba tana da gurbi a ciki, kamar akwatin wasiƙa. In ana son kashe wata, sai a rubuta mata saƙo a gurbinta, ta karanta ta kashe kanta. In ta rikice har ba ta iya karantawa, akwai karen gadi: agogo a jikin na'urar da dole a riƙa shafa kansa a kai a kai, in aka daina ya sake kunna ta da ƙarfi. A nemi na ƙarfe, irin iTCO_wdt ko hpwdt ko ipmi_watchdog. Shi softdog a cikin Linux ɗin yake zaune, in Linux ya daskare yana iya daskarewa tare da shi.

Lambobin asali su ne daƙiƙa 5 ga karen gadi, 10 ga msgwait. A kan multipath ko iSCSI sun yi kaɗan. Ka'idar ita ce msgwait ya ninka na karen gadi, ya kuma fi lokacin da hanya ke ɗauka kafin ta sauya, sannan stonith-timeout ya ɗara msgwait da aƙalla kashi 20 cikin ɗari. Misali 30, 60, 72:

sbd -d /dev/disk/by-id/sunan-diskin -1 30 -4 60 create

Ana iya sa diski ɗaya, biyu ko uku. Ana kuma iya yin SBD babu diski sam, da karen gadi kaɗai, amma wannan sai da rinjayen ƙuri'a na gaskiya tsakanin sabobin: sabobi uku, ko biyu da ƙaramar na'ura ta uku mai gudanar da corosync-qnetd, wadda ke sauraro a tashar 5403.

Na ga wani wakili wai shi storage-mon. Ya maye gurbin zurfi na 20?

A'a, aikinsu ya bambanta. Wakilin Filesystem yana duba diski ne a sabar da hidimar ke gudana. Sabar da ke jiran gado fa? Wayarta ta zuwa ma'ajiya tana iya yin wata guda a yanke ba wanda ya sani, sai ranar ƙaura.

Shi ocf:heartbeat:storage-mon ana gudanar da shi a kowace saba. Yana karatu kai tsaye daga diskokin da ka lissafa masa a drives, har guda 25, yana ba kowane karatu daƙiƙa 10 in ba ka canja io_timeout ba. Ba ya tsayar da komai da kansa. Alamar lafiya kawai yake liƙa wa sabar, kore ko ja. Gungun kuma ba zai kula da alamar ba sai ka ce masa:

pcs property set node-health-strategy=migrate-on-red

Sai abin da ake yawan mantawa: in saba ta yi ja, za a kwashe duk hidimomin da ke kanta, har da shi mai dubawar, ka ga babu wanda zai dawo ya ce ta warke. Tun daga Pacemaker 2.1.3 akwai allow-unhealthy-nodes=true, a sa wa wakilin lafiyar don ya zauna a wurin.

Mu ba mu da akwatin ma'ajiya, DRBD muke yi tsakanin sabobi biyu. Akwai bambanci?

Akwai, kuma nan ne ido ya fi ruɗuwa. DRBD, mai kwafe diskin wata saba zuwa na wata ta waya, wanda kamfanin LINBIT na Biyana ke kula da shi, ya shiga cikin Linux tun fitowa ta 2.6.33 a 2010, kuma shi ne abin da masu ƙaramin kasafi irinmu suka fi kamawa. Dubawarsa biyu ce, ɗaya ga mai riƙe da ragama, ɗaya ga mai bi, da tazara daban, 29 da 31 kamar yadda aka saba. Tun Pacemaker 2.1 sunayen matsayin su ne Promoted da Unpromoted.

Ruɗin shi ne wannan. In diskin saba mai ragama ya lalace, kuma on-io-error yana kan detach, DRBD zai saki diskin ya ci gaba da karatu da rubutu ta waya daga ɗaya sabar. Manhaja ba za ta ji komai ba. Zurfi na 20 zai ci jarrabawa. Kyakkyawan tsari ne, sai dai daga wannan lokacin kwafi ɗaya ya rage maka, kuma in ba mai kallon drbdadm status ba za ka sani ba. Kalmar da kake son gani a ɓangarorin biyu ita ce UpToDate. In ka ga Diskless inda ba kai ka tsara ba, ko Inconsistent da ya ƙi wucewa, ko Connecting, ko StandAlone, tashi tsaye. StandAlone sau da yawa alamar rabuwar kai ce, kowace saba ta yi nata rubutun. Ka sa fencing resource-and-stonith tare da crm-fence-peer.9.sh, ka kuma tsara drbdadm verify lokaci lokaci, bayan ka saita verify-alg, don a gwada kwafin biyu tubali da tubali.

Gungun zai gaya mini in diski ya kusa cika?

Wakilin Filesystem ba ya kallon sarari. Ko da zurfi na 20 ya faɗi don wuri ya ƙare, ƙaura ba ta da amfani, cikakken diskin ne zai bi ka can. Wannan aikin Zabbix ne ko Prometheus da node_exporter, su yi maka gargaɗi tun ana kashi 80. A sa ido kan df -i ma, da ma'ajiyar LVM mai rabon bashi (thin pool, mai raba sarari fiye da wanda take da shi), wadda kan cika a ƙasa alhali df na nuna akwai wuri.

Zafi da ƙura fa?

A watan Afrilu da Mayu, sanda Yamai ke haura digiri 40 kusan kullum, kilim ɗin ɗakin sabobi in ya tsaya awa ɗaya diskoki sun fara dahuwa. Sau da yawa ma ba lalacewa ya yi ba: an ɗauke kuran, gurub ya tashi, sabobi na kan ondila ba su ji komai ba, kilim kuwa bai sake kunna kansa ba. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe matatun iska, a Tawa abin ya fi tsanani.

Ka kunna smartd, mai sa ido kan lafiyar diski, a kowace saba. Lambobin da nake kallo: 194 zafi, 5 gurabun da aka sauya, 197 gurabun da ke jiran hukunci. In 197 ya bar sifili, fara neman diski tun yau, ka san kawo kaya nan ba kwana biyu ba ne. Akwai wakilin ocf:pacemaker:HealthSMART mai liƙa alamar lafiya kamar storage-mon, amma ni na fi son zafi ya kira mutum maimakon ya jawo ƙaura, tunda sabobin a ɗaki ɗaya suke shan zafin. Kada a manta da batirin katin RAID: in ya mutu, katin yakan daina riƙe rubutu a ƙwaƙwalwarsa, diski ya yi nauyi nan take, dubawar da ke wucewa jiya ta fara cin wa'adi yau.

Zan iya rubuta /dev/sdb a saitin? In kuma sa shi a fstab don tabbaci?

Duka biyun a'a. Haruffan nan suna sauyawa bayan sake kunnawa, yi amfani da /dev/disk/by-id ko sunan multipath. Abin da ka ba gungu kuma ka cire shi daga fstab, jerin abin da saba ke ɗaurawa da kanta in ta tashi, in ba haka ba sabobin biyu za su ɗaura shi da kansu tun kafin Pacemaker ya farka.

Shugabanmu yana son saba ɗaya a Yamai, ɗaya a Tawa, saboda ambaliya ko gobara. Zai yiwu?

Tunaninsa daidai ne, wanda ya ga yadda kogin Isa ya cika a 2020 da 2024 ba zai raina shi ba. Amma ba gungu ɗaya za a miƙe tsawon sama da kilomita 500 ba. Corosync yana son waya mai sauri marar yankewa, daƙiƙa kaɗan na shiru sun isa ya ce ɗayar ta mutu. DRBD a tsarin C kuma ba ya cewa rubutu ya kammala sai ya sauka a diskin can, kowane rasiɗi sai ya je Tawa ya dawo. Abin da ake yi shi ne gungu a Yamai, wani a Tawa, kwafi tsakaninsu a tsarin A wanda ba ya jira, tare da yarda cewa rubutun daƙiƙun ƙarshe na iya salwanta. Sauya gari kuma ko dai mutum ya yanke shawara, ko a sa Booth, shirin da ke zaɓar gungun da zai riƙe aikin, da mai raba gardama a wuri na uku. A nan abin sa wa ido shi ne yawan bayanan da Tawa ke bin Yamai bashi.

Wa zai tashe ni in abu ya faru?

Ba kowa, sai ka tsara. Gungu mai aiki da kyau yana ɓoye matsala ne, shi ya sa yake bukatar ɗan rahoto. Pacemaker yana zuwa da samfuran faɗakarwa a /usr/share/pacemaker/alerts, na imel da na SNMP da na fayil. Kwafi wanda kake so, ka yi rajistarsa da pcs alert create. Mai Prometheus ya ƙara ha_cluster_exporter. Shawarata ita ce saƙon ya iso waya ta hanyar da ba ta bi ta intanet ɗin buron ba, kuma na'urar da ke sa idon kada ta zauna a kan ma'ajiyar da take gadi. Na ga wanda ya yi haka, ma'ajiya ta tafi da mai kai rahoton.

Mu Windows muke da shi.

Tunanin ɗaya ne. Gungun Windows ma yana da dubawa biyu, ta sama kowace daƙiƙa 5, mai zurfi kowane minti ɗaya, ana canja su a saitin kowace hidima. Maganar matakalar wa'adi ta shafe ku kamar kowa.

Yaya zan tabbatar duk wannan yana aiki?

Ka lalata shi da hannunka, da rana, kafin a ɗora bayanan gaske, agogo a hannu.

Fara da mai sauƙi: mount -o remount,ro a kan jakar, bayan ka tsayar da manhajar da ke rubutu a ciki, ka ga ko zurfi na 20 zai kama. Sannan fsfreeze -f, wanda ke daskarar da rubutu, don ka ga yadda cikar wa'adi take da abin da ke biyo bayanta. Zare wayar ma'ajiya ɗaya: bai kamata gungun ya motsa ba, in ya motsa wa'adinka ya yi gajere. Zare duka biyun: ya kamata ya ƙaura cikin lokacin da ka lissafa a takardarka. Zare na sabar da ke jira, ka ga ko storage-mon zai yi ja. Daga ƙarshe zare wayoyin kuran na saba ɗaya gaba ɗaya, ba kashewa ta umarni ba, don nan ne za ka san ko katsewarka tana da hanya ta biyu. Kowane gwaji ka rubuta daƙiƙa nawa ya ɗauka, da ko saƙo ya iso wayarka, sannan ka yi cleanup kafin na gaba.

In kuma gyara za ka yi a ma'ajiyar da ke aiki, ko sabunta manhajar akwatin, ko sauya waya, ka fara da pcs property set maintenance-mode=true, gungun ya janye hannunsa. Ka liƙa takarda a jikin allonka don ka tuna mai da shi false kafin ka tafi gida.